Asalin Alhaji Alhasan Ɗantata da Zuriyarsa, Tun Daga Zangon Bebeji

Wannan tarihin Alhaji Alhasan ne, ɗan Madugu Abdullahi, ɗan Baba Talatin, ɗan Ali, wanda duniya ta fi sani da Ɗantata. An haife shi a Bebeji ta ƙasar Kano cikin shekara ta 1877, watau 1294 ta Hijira, ya rasu a birnin Kano ran 17 ga watan Agusta 1955. Labarin dukiyarsa ba ɓoyayye ba ne, ko yaro ya ji zancen dalar gyaɗa da raƙuman azurfa. Abin da ya yi ƙaranci a bakin mutane shi ne asalin gidan, watau daga ina suka taso, sau nawa suka yi ƙaura kafin su kafu a Kano, da kuma yadda zuriyar ta kusa watsewa sa'ad da ta koma hannun marayu ƙanana, har Allah ya tsare ta ta hannun wata tsohuwar baiwa. Wanda ya bi salsalar nan a hankali zai ga irin gadon da attajiri ke bar wa ɗansa wanda ba ya shiga rabon alƙali.

Mutanen gidan nan Agalawa ne. Agalawa kuwa jama'a ce ta fatake, masana tarihi suna danganta kakanninsu da ƙasar Azbin, sun ce daga cikin mutanen da ke zaune ƙarƙashin Azbinawa suka fito, suka gangaro kudu tun cikin ƙarni na 18, suka zazzauna a ƙasar Katsina da ta Kano. Da zama ya yi tsawo sai suka zama Hausawa a harshe da tufafi da al'ada, amma suka riƙe abu biyu ba su sake ba, auratayya tsakaninsu da fataucin goro. Su da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne ƙusoshin hanyar Gwanja a ƙarni na 19. Yawancinsu sun fi son zaman garuruwan karkara bisa zaman birni, domin a can ne ake samun gona mai faɗi da makiyayar jakuna, da wurin da ayari zai taru kafin ya tashi.

Ali, kakan mahaifin Alhasan, a ƙasar Katsina ya zauna. Bayan rasuwarsa sai ɗansa Baba Talatin, wanda ya riga ya zama attajiri, ya kwashe iyalinsa ya komo ƙasar Kano, ya sauka a Madobi, kudu da birni, kusa da Kura inda ake rinin turkudi. A Madobi Abdullahi ya tashi, ya koyi fatauci a hannun ubansa, har shi ma ya zama madugu mai jan ayari zuwa Gwanja. Ya auri wata Ba'agala mai suna Fatsima, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar fatake ce mai jarin kanta.

Ya kamata a san irin hanyar da mutanen nan ke bi, domin ita ce makarantarsu. Ayari kan tashi bayan kaka da jakuna ɗaruruwa, ɗauke da kanwa da turkudi da riguna da jan fata. Ya ƙetare Kwara wajen Yawuri ko Busa, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki, ya bi ta Sansanin Mango da Yandi, ya sauka Salaga, babbar kasuwar Gwanja, inda goron kurmin Asante ke fitowa. Zuwa da komowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Madugu ne ke daidaita kuɗin fito da sarakunan hanya, jagaba na gaba yana duba zango, uban dawaki na tara abin da ya hau kan kowa, ga kuma malamin ayari da ke riƙe lissafi da addu'a. Shi goro kuwa kaya ne mai rai. Sai an riƙa kwance huhu ana tsince ruɓaɓɓe, ana yayyafa ruwa, ana sake ganye, in an yi sakaci na 'yan kwanaki jarin shekara ya tafi. Saboda haka wanda ya tashi a gidan madugu yakan tashi da sanin lissafi, da haƙurin jira, da gane wanda za a ba amana da wanda ba za a ba.

Cikin 1877 Madugu Abdullahi ya taso daga Madobi da niyyar Gwanja, matarsa Amarya na tare da shi da tsohon ciki. Da suka sauka zangon Bebeji sai haihuwa ta zo, aka sami ɗa namiji, aka raɗa masa suna Alhasan. Madugu ya ci gaba da tafiyarsa, da ya komo sai ya bar Madobi ya maida gidansa Bebeji. Gari ne kuwa da ya dace da fatake. Yana kan hanyar Kano zuwa Zazzau, yana da ganuwa, a zamanin da Ningawa ke kai hari kudancin Kano tun daga Rano har Tudun Wada, ana kwana da fargaba a ƙauyukan da ba su da katanga. Tun cikin 1826 Baturen nan matafiyi Kilafatan ya biyo ta Bebeji, ya tarar da shi babban gari cike da 'yan kasuwa. Wannan ita ce ƙaura ta biyu tun daga Katsina, kowace kuwa hanya ta bi.

Zaman Madugu a Bebeji bai yi tsawo ba. Wajen 1885 ya rasu, Alhasan na da kamar shekara 8, shi da 'yan'uwansa duk ba wanda ya isa ya riƙe ayari. Aka raba gado bisa shari'a, kowa aka fitar masa da rabonsa. Amarya kuwa ta tattara nata jarin ta tafi Ankara ta bakin teku, inda Hausawa ke da zango, ta ci gaba da kasuwancinta a can. 'Ya'yan ta bar su a Bebeji hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan, sunanta Tata. Rabon da Alhasan ya samu bai kai shi ko'ina ba, kafin ya balaga ya ƙare. Shari'a ta yi umurni a tsare dukiyar maraya har ya kai munzalin hankali sa'an nan a miƙa masa, amma dukiyar fatake tana kan jaki ne da hannun mabarta, in mai ita ya faɗi ba kowace ke komowa gida ba. Ɗan madugu jikan madugu sai ya wayi gari ba shi da kome sai allo.

Daga tsohuwar nan sunan gidan ya fito. Mutanen Bebeji suna ganin yaron kullum a gindinta sai suka riƙa ce masa ɗan Tata, sunan ya bi shi har kabari, ya bi 'ya'yansa da jikokinsa. Malamai sun san bambancin nasaba da laƙabi. Nasaba ta uba ce, ba ta halatta a jingina wa wani, shi kuwa Alhasan ɗan Abdullahi ne ba makawa. Amma laƙabin da aka san mutum da shi ba laifi a kira shi da shi in bai ƙi ba, kamar yadda aka san Muhammadu ɗan Sayyidina Aliyu da Ibnul Hanafiyya, aka jingina shi ga mahaifiyarsa. Abin lura a nan shi ne, gida ne mai madugai biyu a jere, sai ga shi sunan da ya ɗore a kan kamfanoni da tituna na baiwa ne wadda ba ta mallaki ko kanta ba. Ita ta ciyar da marayu, ita ta tsare su, aka saka mata da abin da ba a saya da kuɗi.

Aka sa Alhasan makarantar allo a Bebeji. Ya yi almajirci irin na kowa, ya yi bara, ya yi wa malaminsa aiki, ya yi ƙwadago domin ya sami na tufa. An ce tun a lokacin Tata ta hore shi da tanadi, kome ya samu sai ya jefa wani abu a asusu, halin da bai rabu da shi ba har ya tsufa. Da ya kai kamar shekara 15 sai ya bi ayarin Gwanja domin ya ga mahaifiyarsa. Ya sayi 'yan kaya a Bebeji da abin da ya tara, yana sayarwa a hanya har Ankara. Mai tsammanin uwa mai dukiya za ta ɗauke masa wahala bai san Agalawa ba. Amarya ta kai shi wurin wani malami ya ci gaba da karatu da neman na kansa, bayan wani lokaci ya komo Bebeji. Ribar tafiyar ita ce ya ga teku, ya ga jiragen ruwa, ya ga yadda ake ciniki da Turawa a kanti, tun mutanen Kano ba su san abin ba sai a labari.

Bai daɗe da komowa ba Basasa ta tashi. Sarkin Kano Bello ya rasu cikin 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fita zuwa Takai tare da Yusufu. Yusufu ya rasu a Garko, ƙanensa Alu ya karɓi tuta, ya shiga Kano cikin 1894, aka kashe Tukur cikin 1895. Agalawa da yawa sun goyi bayan Tukur, saboda haka da Yusufawa suka yi rinjaye sai abin ya faɗa musu, aka washe dukiya, aka kama mutane. Alhasan da 'yan'uwansa biyu, Bala da Sidi, suna cikin waɗanda aka kama, sai da fansa suka kuɓuta. Yaron da baiwa ta rena ya ɗanɗani ɗaurin da ta sani. Wannan ne karo na biyu da gidan ya koma ba kome, shi kuwa bai cika shekara 20 ba.

Ana cikin haka ita kanta hanyar Gwanja ta sake. Tun da Ingilishi suka ƙone Kumasi cikin 1874 kasuwar Salaga ta fara ja da baya, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya ƙarasa ta, Hausawanta suka watse zuwa Kete Karachi da wasu garuruwa. Cikin waɗanda suka koma can har da shahararren malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya rasu cikin 1934. Nan gida kuma Turawa suka taso daga Zazzau a ƙarshen Janairu 1903, Bebeji ne gari mai ganuwa na farko da ya tare su, suka fasa ƙofarsa da igwa, ran 3 ga Fabrairu suka shiga Kano. Cikin shekarar nan kuma reluwe ya haɗa Sekondi ta bakin teku da Kumasi. Madugai da yawa suka tsaya kan jakunansu suna jiran zamani ya komo. Alhasan kuwa ya ga goro na iya hawa jirgin ƙasa daga Kumasi, ya hau jirgin ruwa zuwa Ikko cikin kwanaki kaɗan, alhali a kan jaki sai watanni. Wajen 1906 yana cikin Hausawan farko da suka maida fataucin goro ta teku, yana haɗawa da duwatsun ado da tsakiya da yadin Turawa. Sana'ar kakanninsa ce, ya sake mata hanya kurum.

Ƙaura ta uku ita ce ta shiga birni. Reluwe ya iso Kano cikin 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa cikin 1912, Alhasan ya ga inda hanya ta koma, ya bar Bebeji ya gina gida a Sarari, wajen unguwar Koki, inda a lokacin fili ne. Turawa auduga suka sa rai za su kwasa domin masaƙun Ingila, amma masaƙan Kano suna sayen auduga da tsadar da ta fi tasu. Sai manoma suka juya ga gyaɗa, wadda Turai ke nema domin mai da sabulu, ga ta da kuɗin biyan haraji, in kuma ciniki ya ƙi a ci ta a gida. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da sikeli, amma ba su san ƙauye ba, ba su san wanda za a ba jari ya komo da shi ba. Fataken goro su suka san wannan. Cikin 1918 kamfanin Neja ya nemi Alhasan ya riƙa saya masa gyaɗa, kamar yadda aka yi da manyan attajiran Kano irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo.

Dabararsa ita ce ta ayari. Ya karɓi kuɗi a kanti, ya rarraba wa yaransa, su kuma su shiga ƙauyuka su ba manoma tun kafin kaka, in gyaɗa ta zo a auna a biya. Babu takarda tsakaninsa da yawancinsu sai sanin asali da amana, wanda ya cika a ƙara masa, wanda ya ci a janye. Wajen 1922 ya riga ya wuce sauran attajiran Kano. Da aka haɗa kamfanoni aka yi U.A.C. cikin 1929 ya zama babban mai saya musu. Labari ya shahara cewa cikin shekarar nan ya kai kuɗin azurfa lodin raƙuma 20 ajiya a bankin Turawa na Kano. Da sunansa kuma ake haɗa dalar gyaɗa, watau jera buhuna bisa siffar dutse mai tsini har jirgi ya sami sarari ya kwashe.

Duk da haka bai sake halin almajirci ba. An san shi da tsimi a ci da tufa, da duba lissafi da kansa. Ɗan ɗariƙar Ƙadiriyya ne. Ya yi aikin hajji a farkon shekarun 1920 ta jirgin ruwa, tafiyar ta bi da shi Ingila, aka gabatar da shi ga Sarki Joji na Biyar. Bayan haka ya biya wa mutane da yawa kuɗin hajji, ya taimaki malamai da masallatai. A cikin gida kuma ya bi al'adar mahaifiyarsa, uwargidansa Umma Zariya tana da nata ciniki, tana sayar da kayan ado ga matan kulle ta hannun dillalai mata.

Amma 'ya'yansa maza da suka yi suna su ne Ahmadu da Sanusi da Mamuda da Aminu. Kowannensu ya sa shi karatun Alƙur'ani, ya kuma sa shi aiki a sikeli da kanti tun yana yaro. Da ciwon ajali ya kama shi cikin 1955 ya tara su, tare da amintaccensa mai riƙe masa kuɗi, Garba Maisikeli, ya yi musu wasiyya su zauna tare, kada su yayyaga kamfanin, su riƙe zumunci da auratayya tsakanin dangi. Mutumin da ya ga yadda dukiyar ubansa ta narke a hannun marayu ya san abin da yake tsoro. Ya rasu a ƙarshen watan Zulhajji 1374, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sanusi, aka binne shi a gidansa na Sarari. A lokacin ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma.

Wasiyyar ta kama. Ahmadu ya riƙe kamfanin har ya rasu cikin 1960, sa'an nan Aminu ya karɓa. Sanusi, wanda aka haifa cikin 1919 ya rasu cikin 1997, ya yi fice a sayen gyaɗa da sufurin motoci, ya kuma zama jigo a Ƙadiriyya tare da Shehu Nasiru Kabara. Mamuda ya kafa kamfanin jigilar alhazai cikin 1948, daga taƙaitaccen sunan kamfanin nan ne aka sami sunan Wapa ta Fagge, inda 'yan canji ke zama. Aminu, haifaffen 1931, ya shiga gine-gine da wasu sana'o'i, ya yi kwamishina a Jihar Kano zamanin Audu Bako, ya rasu ran 28 ga Yuni 2025, aka binne shi a Madina. Ita kuwa gyaɗar da ta ɗaga gidan, fari da cutar shuka na shekarun 1970 sun karya ta, dalar ta ɓace daga Kano, amma zuriyar ta riga ta sake hanya kamar yadda kakanninta suka saba.

Ta wajen mata ma salsalar ta miƙe. Mariya 'yar Sanusi ita ce mahaifiyar Aliko Ɗangote, wanda aka haifa cikin 1957, mai masana'antun siminti da matatar man da aka ƙaddamar a Ikko cikin 2023. Mahaifinsa ya rasu cikin 1965 yana da shekara 8, daidai shekarun Alhasan sa'ad da Madugu Abdullahi ya rasu. Sai dai a wannan karo maraya bai rasa gida ba, kakansa Sanusi ya ɗauke shi ya rene shi cikin 'yan kasuwa.

Iyakar salsalar ke nan, daga Ali na Katsina zuwa Baba Talatin na Madobi, zuwa Abdullahi na Bebeji, zuwa Alhasan na Sarari da zuriyarsa. Sau biyu dukiyar gidan ta ƙare ƙaf, ta gado da ta Basasa, abin da ya rage wa yaron shi ne karatun allo, da sanin hanya, da sunan iyaye da fatake suka yarda da shi, da horon wata tsohuwa. Masu riƙon marayu da malamai masu almajirai a zaure su duba wannan, domin ba wanda ya san abin da ke cikin yaron da ke gabansa sai Allah. Allah ya jiƙan Alhaji Alhasan da iyayensa, ya jiƙan Tata, ya sa albarka ga abin da suka bari. Amin.